Allurar da Ke Numfashi

Ƙarfe biyun dare a garin masana, can cikin dajin Sibiriya,
dusar ƙanƙara ta haɗiye matakala uku na ƙofar shiga.
Ni ne Arkadi, mai wasa allura.
Ba ta ɗinki ba.
Zaren filatinam nake tsomawa a narkakken gishiri,
lantarki na gwaguyarsa a hankali
har tsininsa ya fi ƙarfin ido,
har ƙwayoyin zarra 'yan dubbai kaɗai ke tsaye a bakinsa.
Takwas na lalata a hunturun nan. Wannan ce ta tara.

Mun sa ta a tulun ƙarfe, mun zuƙe iskar ciki ƙaƙaf,
sannan Zinaida ta murɗa famfo biyu
kamar marowaci na auna mai:
ɗaya iskar shaƙa,
ɗaya gubar gawayi, mai kashe mai barci a rufaffen ɗaki.

Allo ya yi kore.
Ya dushe.
Ya sake kore.

Mako uku muna zargin na'ura.
Na canza waya, na ɗaure kusoshi har tafina ya yi kanta,
na zagi injin zuƙa har kakan kakansa.
Ashe ba laifin kowa.
Ƙarfen ne ke numfashi.

"Duba," in ji ta, shayinta ya huce a bakin taga,
"guba ta zo ta zauna dirshan, ba masaka tsinke.
Zamanta ya sa zarrar ƙarfe ta gyara sahu,
sai gurbi ya buɗe, iska ta faɗa,
suka kama juna, suka tashi tare.
Fili ya yi fayau, zarra ta koma sahunta na dā,
guba ta sake kwararowa."
Shi kuwa ƙarfen, dillali ne da ba ya karɓar la'ada:
ya haɗa ciniki, a watse,
gobe ka same shi yadda ka bar shi.

Kuma tsinin ba sumul yake ba.
Unguwanni ne, kowace da faɗinta da halinta.
Akwai wata 'yar mitsitsiya daga hagu, mai sammako,
ita ke fara haske,
sai maƙwabta su karɓa, su miƙa gaba,
duhu na bin sawunsu kamar mai bin bashi.
Daƙiƙa goma sha bakwai, a sake.
Ba mai kiɗa, ba mai ba da umarni.

Na ga yatsunta biyu a kan wuyan hannunta.
Tun kaka likita ya ce zuciyarta na tsallake bugu,
ba ta faɗa wa kowa ba, a kwandon shara na ga takardar.
Leɓunanta na ƙirga, ban san wanne take ƙirgawa ba.
"Nasa ya fi nawa tsari," ta ce,
ta yi dariyar da ba ta kai ido ba.
Na ce shayi ya huce, bari in ɗora wani.

Huɗu da minti goma, tas!
Tartsatsi ɗaya, bai kai na ashana ba.
Allo ya yi baƙi, ya zauna a baƙi.
Tsinin da na kwana biyar ina lallashi ya zama dunƙule.

Ba ta ce uffan ba.
Ta jawo littafi, ta rubuta zafi, ta rubuta lokaci,
ta rubuta: bugu ɗari huɗu da goma sha biyu.
Ta ja layi ƙarƙashi, alƙalami ya ɗan yage takardar.

An ce irin ƙarfen nan na kwance a salansar motoci,
yana wannan aiki cikin duhu, ba mai kallo.
Ban sani ba ko can ma yana numfashi.
Motar farko sai shida.
Ta naɗe gyalenta, ta rufe ido a kujera,
yatsun nan biyu ba su bar wurinsu ba.
Na kunna murhun gishiri,
na yanko zare na goma.